In Ruwan Farko Ya Sauka

Kuɗin motar da ya kai ni Fatakwal daga jikin akuya ya fito. Wata jar akuya ce ta Inna, mai baƙar fitina, wadda ba ta bar zanin kowa ya bushe lafiya a kan igiya ba a Tafoki. Ranar kasuwa aka ja ta zuwa nan Ƙanƙara, kuma wallahi duk unguwarmu ba wanda ya yi kewarta. Inna ta kwance bakin zane ta damƙa mani abin da aka samu, ta ce in ban samu aikin ba, ko igiyar akuyar in dawo mata da ita.

Ku gyara zama. Nazifi, kada ka taɓa ƙarfen nan, bai huce ba. Bashir, kai kuma ajiye fayil ɗin nan, tun da kuka zo kake rungume da shi kamar jariri. Ina walda ina jin abin da kuke faɗi, hular nan ido take rufewa, ba kunne ba. Kun gama karatun injiniya, kun yi bautar ƙasa, duk kamfanin man da kuka leƙa a waya sai ya ce mai ƙwarewar shekara biyar a harkar yake so, ku kuwa ko ta kwana biyar ba ku da ita. Shi kuma abokin naku da ke can bakin ƙofa yana yi kamar ba ya ji, na san an kira shi Warri koyon aiki, shekara biyu a jere ba zuwa gida noma. Na san takardar ta yi sati a aljihunshi, ya kasa fitar da ita. Wurin mahaifiyarshi na ji. Ɗan farina ne, don haka ba zan kama sunanshi ba, ba kuma da shi nake magana ba. Da ku nake.

Ni ma ɗan fari ne wurin Baba, Allah ya jiƙan shi. Tun da na yi wayo bai taɓa kallon idona ya yi mani magana ba. Ranar da zan tafi na durƙusa a ƙofar turakarshi, ina nan a gabanshi, sai ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Ki faɗa wa wannan, in ruwan farko ya sauka ya kamo hanya. Ba ni da mai riƙe mani garma sai shi."

Inna ta juyo ta maimaita mani, kamar ban ji ba. Na ce to. Ku riƙe wannan maganar, don duk labarin a kanta yake.

Lokacin na yi shekara tara wurin Malam Haruna mai walda, nan bayan tasha. Garmar shanu, amalanke, ƙofar gida, gadon amarya, ba wanda ban yi ba. Wani mutumin Sabuwa, Sale, mai sayar da shayi a Fatakwal, shi ya zo gida hutu ya hure mani kunne. Ya ce can mai walda kamfani ke saya mashi takalmi. Ni takalmin ma bai dame ni ba. So nake in ga inda man nan yake fitowa. Tun ina yaro nake tunani, shin rijiya ce ake zura guga, ko kuwa ɓulɓulowa yake kamar idon ruwa?

Daga Funtuwa na hau tirelar shanu. Kwana biyu ina zaune a kan katako, ƙahoni a ƙarƙashina. Da muka shiga Fatakwal abin da na fara gani wata wuta ce can sama, a bakin wani dogon bututu, tana ci ba ji ba gani. Na kama hannun Sale na ce, "Gobara ake yi, ba mai kashewa?"

"Iskar gas ce. Haka take kullum."

"Mi ake dafawa?"

"Ba komai."

Na daɗe ina kallonta. Ina tuna Inna da take tafiya har bakin daji neman itace, ga wuta nan ana yi wa sama, ko tukunya ba a ɗora ba.

Sale teburinshi yana ƙofar wani babban yadi inda ake haɗa bututun mai. Ya ce kafin komai sai na yi si-bi. Ku kun san ta, ai ita ce a fayil ɗin Bashir. Ni ranar na fara jin akwai takardar da mutum zai zauna ya yabi kanshi da kanshi, ya kuma sa hannu. Ya kai ni wurin wata yarinya mai buga takardu, shi ne tafinta.

Ta ce, "Eksfiriyans?"

Na ce wa Sale, "Wace cuta ce wannan?"

"Shekara nawa ka yi kana aikin, take nufi."

"Tara."

"Ina?"

"Wurin Malam Haruna."

"Kamfani ne?"

"Mutum ne."

"Yana da hatimi?"

Na ce, "Ka faɗa mata ranar da ya yaye ni addu'a ya yi mani, ya ba ni guduma."

Ta buga dai, amma tana bugawa tana girgiza kai. Na yi wata guda ina zagaya ƙofofin kamfanoni da takardar nan. Kowace ƙofa akwai allo, kowane allo maganar ɗaya ce, shekara biyar a harkar mai. Nawa taran ba su shiga lissafi ba, don garma ba harkar mai ba ce. Wata rana na gaji, na tambayi wani mai gadi, na ce shi wanda ya fara haƙo man nan, wa ya ba shi tashi shekara biyar ɗin? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Aboki, matsa." Har yau ban samu mai ba ni amsar nan ba, in kun samu ku zo ku faɗa mani.

Yadda na shiga ma ba ta si-bi ba ce. Ƙafar bencin Sale ce ta karye. Na ari inji wurin wani mai walda na bakin titi na ɗinke ta. Washegari wani ƙato baƙi mai furfura a gemu, wanda ke shan shayi kullum a wurin, ya zauna, ya sunkuya, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ashe shi ne shugaban masu walda na yadin, Oga Tonye.

"Wa ya yi wannan?"

Sale ya nuna ni.

"Ka taɓa yin bututu?"

"Na taɓa yin salansar babur."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce in zo gobe. Aka ɗauke ni kashuwal, wato wanda ake ɗauka yau, in an ga dama a sallame shi gobe. Rana ɗaya aka ɗauke mu da wani Emeka, sa'ana ne, ku riƙe sunanshi shi ma. Aka ba mu kati mai lamba na ratayawa a wuya, da hular kwano, da takalmin nan na Sale mai ƙarfe a baki, da wata riga da suke ce wa kobarol, riga da wando a haɗe. Duk wanda ya ƙirƙiro kobarol bai taɓa jin ana kiran sallah yana jin fitsari ba.

Amma fa na ga aiki. Mu nan in ka yi walda, Malam Haruna guduma yake ɗauka ya maka mata, in ba ta rabu ba shi ke nan ta yi. Can hoton cikinta ake ɗauka, irin wanda ake yi wa ƙashin wanda ya karye. Sai a ɗaga hoton a fitila, a nuna maka wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, a ce a yanke a sake. Na ce wa Oga Tonye wannan ɗan ramin mi zai yi? Ya ce in bututun ya shiga ƙarƙashin ruwa, man ya taho da ƙarfi, ta nan zai fara, kuma ƙauye guda zai daina cin kifi. Daga ranar ban sake raina ɗigo ba.

Akwai gwajin da suke yi wa mai walda, sikis-ji suke ce mashi. Za a kafe bututu a karkace, ba a juya shi, kai ne za ka zagaya shi, ka yi a tsaye, ka yi a durƙushe, ka yi kana kallon sama tartsatsi na zuba maka a wuya. In ka ci, a ba ka takarda. Wata huɗu ina goge wa wasu ƙarfe, in an tashi cin abinci in ɗauki guntayen bututu in yi ta gwadawa. Wata ranar Alhamis Oga Tonye ya ce, "Litinin za ka yi gwaji, kai da Emeka."

Ranar Juma'a muna fitowa masallaci sai gari ya yi baƙi. Kafin mu kai teburin Sale ruwa ya tsuge, irin wanda ban taɓa gani ba, kwata ta cika, titi ya zama rafi. Ƙamshin ƙasa ya bugi hancina, na tuna maganar Baba. Na shiga ɗaki na fara cusa kaya a jaka.

Sale ya biyo ni. "Ina za ka?"

"Gida. Ruwa ya sauka."

"Kai, wannan ba namu ba ne. Nasu ya riga namu da wata biyu."

"Baba bai ce ruwan wane gari ba."

"Litinin fa gwajinka!"

"In na tsaya, ka ce ya sauka can ma, wa zai riƙe garmar?"

Lokacin waya ba ta isa Tafoki ba, ba wanda zan kira in tambaya. Kuma gaskiya ban yarda da Sale ba. A raina sama ɗaya ce, in ta zubar nan ta zubar can. Ni da nake tambayar komai, wannan ɗaya ban tsaya na tambaya ba.

Tun daga Kaduna na fara jin kunya. Ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari fat, bazara na ci kamar ta dafa mutum. Na sauka Tafoki da tsakar rana da lema a hannu, sabuwa, da na saya don kada ruwa ya taɓa ni a hanya. Dattawa na ƙarƙashin tsamiya suna fifita. Inna ta fito ta dube ni, ta dubi lemar, ta dubi sama.

"Ina ruwan?"

Na ce, "Na baro shi a baya."

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Shekara da shekaru in na wuce tsamiyar nan sai wani ya ce, "Mai lema, ruwan ya kusa?" Amma Baba bai yi dariya ba. Ya kira Inna ya ce, "Ki ce mashi ya kyauta." Wallahi na ji daɗin wannan maganar har cikin ƙashina, kuma ita ce ta ɗaure ni. Wata biyu na yi ina zaune ina jiran hadari.

Daga nan na gane lissafin. In an gama girbi in hau tirela, in hadari ya fara haɗuwa a gida in dawo. Rani shida na yi haka. Oga Tonye duk shekara yana karɓata, don yana son hannuna, amma duk shekara sabon kati ake ba ni da sabuwar lamba, tunda kashuwal in ya ɓace wata guda an soke sunanshi. Ban damu ba. Har tara katunan nake a leda, ina ganin abin ado ne.

Bari in ba ku na mai gidan hayarmu, kada in manta, Mama Boma. Ruwan nasu ya dame ni da tunani. Na ce ƙasar da take samun ruwa haka, in aka shuka dawa ai sai ta taɓo sama. Shekara ta uku na tafi da iri a aljihu, da ruwan farko ya sauka na shuka a bayan ɗaki, inda take ajiye tukwanen fulawa. Ta fito kuwa, tana tsawo kamar ana jan ta. Wata safiya na ji ana dukan ƙofa.

"Aboki! Wace ciyawa ce wannan?"

"Ba ciyawa ba ce, Madam, abinci ne."

"Maciji za ka tara mani!"

"Macijin garinku ba ya buƙatar dawata, ga daji nan ko'ina."

"Ɗaki na ba ka haya, ban ba ka gona ba!"

Na tafi gida noma na bar ta tana faɗa, na tabbata kafin in kai tasha ta sare ta. Da na dawo bayan kaka, sai ga karan a tsaye, har ta ɗaure su da tsumma don kada iska ta kayar. Ta kawo mani kan dawar a leda, ya yi baƙi ƙirin da ruɓa, ruwa ya yi mashi yawa. Ta ce, "Na jira in ga abincin naka. Wannan kuke ci?" Ashe ita ma son sani ke damunta. Shekarar da ta biyo na kai mata garin dawa na yi mata tuwo, ta ci loma biyu ta ce Allah ya ba mu haƙuri.

Gwajin kuwa na ci shi a rani na biyu, hoton ya fito tas. Sai dai akwai abin da ban sani ba. Takardar nan mutuwa take in mutum ya yi wata shida bai taɓa irin aikin ba. Ni kuwa damina da kaka wata shida ne cif. Duk shekara sai na sake gwaji. Da farko na ɗauka mugunta ce, amma in faɗa maku gaskiya, satin farko in na dawo hannuna rawa yake. Hannun da ya yi wata shida yana riƙe garma da lauje ba ya bin bututu yadda ya kamata. Wannan eksfiriyans ɗin da kuke zagi, ba duka ba ne ƙarya.

A rani na shida aka ce wani babban kamfani na neman masu walda na dindindin, a kai su ofsho. Wai wani gari ne na ƙarfe a tsakiyar teku, da jirgi mai saukar ungulu ake zuwa. Ni fa tun da na ji labarinshi ban samu sukuni ba. Akwai ƙasa a kai? In ruwan alwala ya yanke da mi ake taimama? Ta ina ake gane alƙibla in duk inda ka juya ruwa ne? Kuma can ne man yake fitowa, abin da ya kawo ni. Don kada ku yi mamaki, rani shida ina haɗa bututun mai, ban taɓa ganin ɗanyen man da idona ba.

Oga Tonye ya ba da sunana da na Emeka. Aka kira mu intabiyu a wani ofis mai sanyi kamar cikin randa. Wata mata ce mai tabarau, mai mutunci, ba ta raina ni ba. Ta ga hotunan waldata ta gyaɗa kai. Sai ta ce in kawo shaidar shekarun aiki. Na zazzage mata katunan nan shida a kan tebur ina alfahari. Ta jera su, ta duba takardun yadin, ta cire tabarau.

"Wata shida, sai ka ɓace. Wata shida, sai ka ɓace."

"Ba ɓacewa nake ba, Madam, noma nake zuwa."

"Kowace shekara?"

"Ai daminar kowace shekara take zuwa."

Ta yi murmushi, ba na izgili ba. Ta ce in an haɗa duka ban cika shekara uku ba, kuma ba a jere ba. Emeka da muka shiga rana ɗaya yana da biyar da ɗoriya. Na ce mata a tambayi Emekan wa ke gyara mashi in hotonshi ya fito da ɗigo. Ta ce ta yarda, amma ita takarda aka ba ta ta duba. Ta tattara mani katunan da hannunta ta mayar a ledar.

Da na fito Oga Tonye ya ja ni bayan wani tulin bututu.

"Saurara. Ka zauna damina biyu, kada ka motsa. Ni zan riƙe ka a yadi. In sun sake ɗauka, da hannuna zan kai ka."

"Babana fa?"

"Ka faɗa mashi mana! Ba mutum ba ne?"

Na ce zan faɗa mashi. Shi yana ganin abu ne mai sauƙi, don na sha ganin ɗanshi ya zo yadi ya dafa kafaɗarshi suna hira. Na ce bari in je da kaina, irin wannan maganar ba a aiko ta. Tun daga Fatakwal har Funtuwa ina tsara ta a kan tirela, in gyara nan in rage can, har shanun sun haddace. Na iso, na durƙusa a ƙofar turaka, na buɗe baki. Kafin in ce komai Baba ya kira Inna, muryarshi cike da murna.

"Ki ce mashi ya je ya ga sabon san da na saya. Ban bari kowa ya ɗaura mashi garma ba, shi nake jira."

Na ce, "Na dawo lafiya." Abin da ya fito ke nan. Na je na ga san, kyakkyawa ne kuwa, fari mai baƙin wuya. Na tsaya a turke ina shafa shi. Yaya ɗa zai dubi ubanshi ya ce ka sallame ni daga gonarka? Ko Inna ban faɗa wa ba, don na san ranar za ta kai mashi.

Da na koma bayan kaka, kwangilar yadin ta ƙare, an kulle ƙofa, Oga Tonye ya bi wani aiki wata ƙasa. Emeka yana teku. Na sake zagaya ƙofofi da si-bi, allunan nan suna nan yadda na bar su. Kafin ruwa ya sauka na tattara na dawo, na kawo wa Inna atamfa da igiyar akuya sabuwa, don ta san ban manta ba. Malam Haruna ya ba ni wannan kusurwar da kuke zaune. Emeka mutumin kirki ne, daga baya ya turo mani hoton garin ƙarfen a waya. Na duba na duba, ƙasa ko ta cikin cokali babu.

An yi shekaru. Baba ya tsufa, in ya zo kasuwa nan yake zama, a bencin da Nazifi yake kai, yana kallon titi don kada a ce ni yake kallo. Wata rana wani Alhaji mai gidan mai ya kawo gyaran tanki. Ya ga ɗinkin ya ce wannan ba hannun gida ba ne, ina na koya? Na ce Fatakwal. Ya ce to mi ya raba ni da aikin mai? Ina sunkuye ina aiki, na manta wa ke bayana, na ce, "Su wanda zai zauna rani da damina suke so, Alhaji, ni kuwa ina dawowa noma."

Sai na ji muryar Baba.

"Alhaji, da damina ma aiki suke?"

"Su ba ruwansu da damina, Baba."

"To wa ke yi masu noma?"

"Ba su noma. Saye suke."

Baba ya mayar da ido kan titi. Sannan ya ce, "Ni na ɗauka in ruwa ya sauka kowa rufe wurin aikinshi yake, ya tafi gonar ubanshi." Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ido cikin ido. Ya ce, "Lawal."

Ina da shekara arba'in da wani abu, ranar na fara jin sunana a bakinshi.

"Mi ya hana ka faɗa? Shekarar farko na yi maganar nan, lokacin ƙannenka su Sani ba su kai riƙon garma ba. Daga baya ai sun kai. Ni ina ganin ka dawo, sai in ce an tashe ku ne."

Ban ji haushinshi ba, ko kaɗan. Tausayinshi na ji, da nawa. Shi yana can yana murna ɗanshi ya samu aikin da ke barin mutum ya zo noma, ni ina nan ina ganin ya ɗaure ni, alhali tsakaninmu taku uku ne daga ƙofar turaka zuwa tabarmarshi. Na sauke hular walda na rufe fuska, na kunna inji, na yi ta ƙona wayar walda a kan wani ƙarfen da ba ya buƙatar komai, har Alhaji ya gaji ya tafi.

To kun ji. Ku biyun nan, shekara biyar ɗin da kuke nema ba a ƙofar gaba ake ba da ita ba. Duk ƙaramar ƙofar da kuka gani, ko ta goge ƙarfe ce, ku shiga, ku karɓi kati ɗaya, ku riƙe shi kada lambar ta canza.

Abokin naku kuwa, na san abin da yake lissafawa. Yana ganin gwiwata ta fara ciwo, yana ganin yadda gari ya zama, noma ya koma da ido ɗaya a kan daji. Ku faɗa mashi gonar bakin daji dama mun bar ta tun bara, ta kusa da gari kuwa ni da ƙannenshi mun ishe ta. Ku faɗa mashi mahaifiyarshi ta riga ta sa ido a kan wani bunsuru da ya ishi unguwa, jibi kasuwa. In Allah ya kai shi garin ƙarfen nan, ya duba mani yadda suke gane alƙibla, ya kuma leƙa ya ga man da idonshi, ya zo ya faɗa mani kalarshi.

Kuma ku faɗa mashi da kyau, yadda ba zai ce bai gane ba. In ruwan farko ya sauka, na can ko na nan, ya shiga ɗaki ya jira ya ɗauke, ya ɗauki hularshi ya koma bakin aiki.